Doki Ɗari Biyu a Gindin Jinga

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗejiya, ni da Baba da ƙanena, a motar ƙanen nawa. Tun farkon damina ciwon baya ya kwantar da Baba, likita kuma ya ja mana kunne kada ya sha jijjiga. Shi kuwa ya kafe sai ya ga shinkafarsa da ke fadama, can bayan Kirikasamma, kafin a yanke ta. Mun yi lallashin duniya, a banza. Muka kwantar da kujerar gaba, muka jera masa matasai.

Motar irin ta samarin yanzu ce, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, in an taka ta kuwa duk unguwa sai ta sani. Tun da ya saye ta muke shan labarin wai injinta na da ƙarfin doki ɗari biyu. Ranar dai dawakin sun sha takura, don kowane rami sai mun lallaɓa. A gidan mai farashi ya kashe mini baki. Muka sayi ƙosai da kunun tsamiya, Baba ya kurɓi kaɗan ya miƙo mini sauran.

Da muka sauka daga kwalta sai ciyawar kacala dama da hagu, ta fi mutum tsawo, ta shaƙe ruwa. Masu babur na wuce mu da kwandunan kifi banda, suna leƙen motar suna murmushi. Rana ta take, jikina ya yi tsami, kafin mu iso gindin jinga, tudun ƙasar nan da aka tara don tare ambaliya. Gonar na bayanta. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, ga yashi, ga sawun amalanke.

Ƙanena ya sa giya ɗaya ya hau a hankali, mota ta yi tari ta mutu. Ya sake tayarwa ya ƙara taka totur, sai ta zabura. Baba ya runtse ido ya damƙe hannuna, warin kuloci ya cika motar. Na ce wa ƙanena ya tsaya haka.

A nan ya yi mini bayanin da bai taɓa haɗawa da labarin dawakin ba. Ya ce akwai ƙarfin murɗa taya, wanda ke ɗaga kaya daga tsaye. Ƙarfin doki kuwa wannan murɗawar ce haɗe da saurin juyin inji. Tasa murɗawarta kaɗan ce, dawakin ba sa fitowa sai inji na kuka. Shi ya sa tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal za ta hau nan a tsanake, tasa ta kasa.

"Yaya, in na ja baya na taho da gudu za ta hau," in ji shi. "Amma ba da Baba a ciki ba."

Raina ya ɓaci, ga gajiya. Baba ya ce mu juya kawai, ya gode, amma yana faɗa idonsa na saman jingar. Na kasa juyawa da shi haka. Na durƙusa, ƙanena ya ɗora mini shi a baya a hankali. Na cije na shirya wa nauyi, sai na ji na miƙe ba wahala. Mutumin da na taso ina gani yana saɓa buhun shinkafa shi kaɗai, yau buhun taki ya fi shi nauyi. Na hau taku ɗaya-ɗaya, ina gode wa Allah da ba ya ganin fuskata.

A sama muka zaunar da shi. Shinkafa ta sunkuyar da kai har iya ganinka, tsuntsaye na tashi suna sauka. Ya daɗe yana kallo.

"Gefen gabas ya nuna," ya ce. "Ku fara yanka daga can. Kada ku jira ni."

Da la'asar muka shigo Haɗejiya, Baba na barci. Abin da na koyo shi ne, in tsoho za ka ɗauka zuwa fadama, bar tambayar doki nawa ne a mota, tambayi abin da za ta iya a hankali. A ƙofar gida ƙanena ya ce zai aro a-kori-kura mu sake kai Baba ranar sussuka. Na ce Allah ya kai mu. Ban gaya masa abin da bayana ya ji ba.