Yashin Inna a Cikin Injin Wanke-wanke

Ranar da ƙanena ya iso daga Yamai da injin wanke kwanuka, ni na fi kowa rawar kai a gidanmu. Mota ta sauke shi a bakin titin Madarunfa, amalanken jaki ya ƙaraso da shi ƙofar gida lulluɓe da tsohon bargo. Maƙwabta suka ɗauka firigo ne na sanyaya ruwa. Da na ce musu wanke-wanke yake yi, wata tsohuwa da muke katanga ɗaya ta buɗe ƙofarsa, ta leƙa sama da ƙasa, ta ce, "To ina hannuwan?"

Ba don gayu aka sayo shi ba. Don hannun Inna ne, mahaifiyarmu. Yatsunta da tafinta sun tsattsage, wani lokaci har jini, kuma likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri ta rabu da ruwan sabulu da toka. Ina! Inna ba ta yarda da wankin kowa ba. In na dawo daga lakwal inda nake koyarwa na wanke kwanuka tas, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sansanawa, ta ce akwai ƙarni, ta jawo daro ta sake. Tana da wata tsohuwar ƙwarya cike da yashin gulbi a gindin randa, da shi da toka take dirzar komi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lalle. Inna mace ce mai son ƙunshi, amma ta yi shekaru ba ta sa ba, don yana shiga tsagar ya yi mata zafi kamar barkono. Na yi wa kaina alkawari babbar Sallar bana sai ta ƙunsa.

Ƙanena ya haɗa tiyo daga tankin ruwan da ke bisa ɗakin girki, don pampon unguwarmu ba abin dogaro ba ne, ya kai ɗaya tiyon bakin kwata. Sannan ya tsaya yana yi mana karatu: a kankare ragowar tuwo kafin a sa kwano, a kife komi, kada a sa ƙwarya ko akushi ko ludayi don zafin ruwan zai fasa su, kada kuma a kuskura a zuba garin sabulun wanki, kumfa zai cika gida. Nasa sabulun daban ne, ƴan dunƙule-dunƙule, a Maraɗi ake samu.

Wankin farko kuwa, muka jera kujeru gabansa kamar masu kallon tele. Yana ruri, yana watsa ruwa a ciki. Da ya gama na buɗe, tururi ya bugi fuskata, kwanuka suna ta ƙyalli. Inna ta ɗauki kwanon miya, ta juya shi, ta kai hanci. Ta ce, "Ba laifi." Wallahi ban san sanda na rangaɗa guɗa ba! A bakin Inna "ba laifi" babban yabo ne, ni ban taɓa samunsa ba.

Ƙanena ya koma bakin aikinsa. Hannun Inna ya fara haɗewa, kullum ina shafa mata man kaɗe, ina duba tsagar tana rufewa. Har ta koyi jera kwanukan da kanta in na tafi lakwal, ta danna maɓalli, ta zauna kusa tana gyaran wake. Murna ta cika ni, na je na gaya wa mai ƙunshin unguwarmu ta ajiye mana wuri.

Ana saura ƴan kwanaki Sallah na dawo da rana, tun daga zaure na ji injin yana wani irin kuka, ƙit, ƙit, jar fitila na ƙiftawa. Na buɗe, ruwa ya kwanta a ƙasansa, baƙi ƙirin, kwanukan kuma duk dabbare-dabbare. Ina juyowa sai ga Inna ta riga ta jawo daro, tana naɗe hannun riga.

"Inna, me za ki yi?"

"Abinku ya mutu, ƴar nan. Kwanuka kuma ba su kwana da dauɗa a gidana."

Raina ya ɓaci sosai. In hannun nan ya koma cikin toka yau, gobe tsagar ta buɗe, lalle kuma sai wata shekara. Na fizgi daron, na kife shi gaban injin, na zauna a kai. Na ce mata sai dai ta ɗaga ni da shi. Ta riƙe baki tana salati, wai ta haifi abin da ya fi ƙarfinta.

Ina zaune bisa daron na kira ƙanena a waya. Ya ce in fara zare shi daga kuran, wato wutar lantarki, in kwashe ruwan da kofi, in murɗo matacin da ke ƙasa. Na murɗo. Nauyinsa ma ya ba ni mamaki. Na juye shi a tafin hannuna, sai ga yashi, cunkus, haɗe da toka da ƙayar kifi. Na ɗago na dubi Inna. Ita kuma ta dubi sama.

"Ɗan barbaɗi ne kawai," in ji ta. "Kifin tabki muka ci. Ƙarnin kifi zai fita ba yashi? Tausayinsa ma na ji, yana ta fama da ruwa zalla."

"Tun yaushe kike zuba masa?"

"Tun da yaron nan ya tafi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta ƙwace mini. Ƙanena a waya yana ta tambaya me ya faru.

Aiki dai ya same ni. Na wanke matacin a bokiti har ragarsa ta fito fes. Na cire fukafukan nan biyu masu juyawa suna fesa ruwa, na ga ƙananan hudojinsu duk sun toshe, na karyo tsinken tsintsiya na bi su ɗaya ɗaya. Na kwance tiyon kwata na zazzage shi, na goge ƙasan injin da tsumma har na daina jin ƙuras-ƙuras a yatsa. Na matse lemun tsami a kofi na ajiye ciki, na kunna shi ba kwano ko ɗaya. Yana cikin yi aka ɗauke kuran. Kai, ranar na ga ta kaina! Na koma bisa darona, Inna na harara ta ina harararta, har wutar ta dawo bayan la'asar. Can sai muka ji ruwa ya tsuge a kwata, shaaa. Na yi tsalle kamar ƙaramar yarinya.

Na jera kwanukan kifin nan da hannuna, a gabanta, ba yashi ba toka. Da ya gama na miƙa mata wanda ya fi maiƙo. Ta sansana ciki, ta sansana baya, ta sake sansana ciki. Ta tashi ta ɗauko ƙwaryar yashinta daga gindin randa, ta je ta juye ta a gindin bishiyar lemu, ta kife ƙwaryar a kan danga.

Jajibirin Sallah mai ƙunshi ta zo. Ina riƙe da wuyan hannun Inna sanda aka ɗora lallen, ina kallon fuskarta ko za ta yamutsa. Ba ta yamutsa ba. Da aka kwance, hannun ya kama ja wur, ta bi gida-gida gaisuwa, kuma na lura duk maganar da za ta yi sai ta ɗaga hannu.

Bayan Sallah da daɗewa, nama ma ya ƙare, wata safiya na same ta zaune a rana ta shimfiɗa tafukanta bisa cinya tana kallo. Ta ce, "Kin ga har yanzu bai goge ba? Tun da aka kawo ni gidan nan lalle bai taɓa daɗewa haka a hannuna ba." Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba. Ta ce in bar shirme, in zo in kankare tukunyar tuwo, ita za ta danna maɓallin injin.