Hawainiyar da Na Rufe a Tukunya

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai mace ta yi sammako kafin ta samu rabin tulu. Duk da haka, bayan sallar magariba muna taruwa gaban murhun Inna, kakata ta wajen uba, ko da babu komai a kan wutar sai ruwan kanwa da 'yar dusa.

A shekarar ce na tsinci hawainiya ƙarƙashin busasshen lalle, ta faɗo, ba ta iya kama reshe. Mutanen garinmu tsoronta suke ji, ni kuwa tausayinta ne ya kama ni. Na sa ta a tsohuwar tukunya, na rufe da faifai, na tura ƙarƙashin rumbu. Na yi mata abin da na ga ana yi wa ƙananan kaji: ɓarzajjiyar dawa a gefe, ruwa a ɗan kasko, wanda nake ragewa daga nawa na sha. Kwana uku ba ta taɓa komai ba. Idanunta suka faɗa, jikinta ya yi baƙi kamar gawayi, bakinta a buɗe.

Sai Baffa Sale ya gano ta. Ƙanin babana ne, shi ke riƙe da gidan tun da Baba ya tafi cirani, kuma a makon akuyarsa ta mutu. Ya ce ba mamaki, tunda an ajiye masifa a gindin rumbu. Ya rantse jibi, ranar kasuwa, zai kai ta wurin mai magani da ke busar da irinsu a rana. Na yi kuka har muryata ta dushe.

Inna ta ji komai. Da muka zauna gaban murhu, ta tura kara cikin wuta, ta ce ga wata nan ta zo, mai kunne ya matso.

Wai a wata shekarar yunwa Hawainiya ta sauka gidan Kaza. Kaza ta yi murna, ta share akurki, ta sa baƙuwa ciki, ta toshe ƙofa don kada iska ta taɓa ta. Ta hana 'ya'yanta hatsi ta ba ta, ta hana kanta ruwa ta ajiye mata. Baƙuwa sai ramewa take. Kaza ta shiga gari tana cewa ba ta taɓa ganin marar godiya irin wannan ba, har ta haɗu da tsohon Kunkuru. Nan Inna ta tsaya, ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta sauke murya.

"Kunkuru ya ce mata, duk wannan wahalar da kika sha, kin taɓa tambayarta me ake ci a gidansu?"

Yara suka matsa ta faɗi ko baƙuwar ta rayu. Ta ce ƙarshen yana ƙarƙashin rumbu, kowa ya je ya kwanta. Kunya ta kama ni, domin na san wace ce Kazar.

Da asuba ta tashe ni. Ta ce hawainiya ba ta shan ruwan da ke kwance, sai ɗigon da ke lilo a bakin ganye, kuma ba ta cin abin da ba ya motsi. Duhun tukunya ma kashe ta yake, tana son hantsi da iska da abin kamawa. Muka sa ta a kwando mai manyan ƙofofi, muka cika shi da ɗanyen reshen darbejiya, muka rataye inda rana ke taɓawa da safe, inuwa ta rufe da azahar. Sannan Inna ta sauke kwandon, ta tsuguna, ta yi alwala a kansa, ruwan yana zuba daga gwiwar hannunta bisa ganyen.

Baffa ya fito yana faɗan ɓarnar ruwa. Inna ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sale, ruwan alwalata ne. Kullum ƙasa ke shanye shi, ban taɓa jin ka yi mata faɗa ba."

Ranar, sau biyar aka jiƙa ganye, hawainiya ba ta motsa ba. Na kamo ƙananan fara masu rai na zuba mata, ko kallonsu ba ta yi ba. Ni ma ban iya cin rabona na abinci ba.

Safiyar kasuwa Baffa ya zo da buhu a hannu ya tsaya a kanmu. Inna ta ce ya bari ta gama alwala. Ta yi ta a hankali, kamar mai koya wa yaro. Wani ɗigo ya taru a bakin ganye, daidai hancin hawainiya. Ina ta salati a zuciyata. Sai ido ɗaya ya juyo. Ta buɗe baki, ta lasa, ta sake lasa, sannan ta miƙa ƙafa ta damƙe reshe. Baffa ya daɗe yana kallo, ya naɗe buhunsa ya fita. Bayan kwana goma ta koma kore, ta haye darbejiya, ban ƙara ganinta ba.

Shekaru da yawa bayan haka Inna ta kwanta ciwo, na ɗauko ta zuwa gidana a birni. Na ba ta ɗaki mai fanka, na rufe tagogi, na jera mata shayi da burodi da madara. Ta daina ci. Har na fara jin haushi a raina, ina lissafa irin ƙoƙarin da nake yi. Wata safiya ta bi ɗakin da kallo, ta kama hannuna.

"Ƙawata, ina faifan? Shi kaɗai ya rage ki rufe."

Washegari na mayar da ita gida. Ta zauna ƙarƙashin darbejiya, ta cinye tuwon dawa da miyar kuka, ta nemi ƙari. Damina biyu ta ƙara gani.