Furosesar da Yaya Ya Huda

Yayana bai taɓa gama shan shayi a zaune ba. Tun muna yara, in mahaifiyarmu ta ce ya tsaya ta ɗaure masa igiyar takalmi, kafin ta sunkuya ya kai bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. A makaranta malamai suka gaji da shi, suka ba shi aikin goge allo don dai ya samu dalilin tsayuwa. Da ya girma ya sayar da batir, ya yi wankin hoto, ya ja motar haya, har mai motar ya karɓe makullinsa saboda Yaya yana tashi daga tasha kafin fasinja su kai rabi. Unguwa ta sa masa suna Ba-Zama. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da wannan sunan take kiransa.

Sana'a ɗaya ce ta iya riƙe shi, yankan sitika. Sunan shago, lambar mota, rubutun gilashin kanti, duk shi ne. Shagonsa yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai sayar da fenti da ni mai ɗinkin labule, kuma katangar da ta raba mu falanki ce, don haka ko atishawa ya yi ni ke fara yi masa sannu. Babu kujera a shagon. Mai jiran aiki ya jingina da bango, in ya gaji ya shigo wurina ya zaune mini yadi.

Dukiyarsa biyu ce. Akwai injin yankan, dogo kamar gadon yaro, da 'yar wuƙarsa mai yawo hagu da dama. Akwai kuma kwamfutar da ke ba shi umarni, tsohuwa mai akwati, wadda aka sayo fara, yanzu ta koma kalar haƙorin mashayin shayi. Abin da ya haɗa su wata waya ce mai kauri, mai faffaɗan baki da kusoshi biyu. Kwamfutocin yanzu ba su da wannan bakin. Yaya ya taɓa gwada wata sabuwa da ɗan mahaɗi a tsakani, injin ya yanko haruffa kamar kaji sun yi dambe a kan takardar. Tun ranar ya rantse shi da tsohuwar sai mutuwa.

'Ya'yansa duk sun watse, kowa da garinsa, saura Auta. Ta gama karatun zane da kwamfuta, kuma an kira ta aiki a wani gari mai nisa. Yaya bai ce mata kada ta tafi ba, shi ba ya tsayawa ya faɗi irin wannan maganar. Sai dai ya riƙa zagaye ta, yana nuna mata yadda shago ke da iska, yadda masu kawo aiki ke da kirki, yadda titin bai cika ƙura ba. Ranar nan ta tausaya masa, ta ce za ta zauna su yi aiki tare in kwamfutar za ta iya ɗaukar manhajar zanenta. Suka gwada. Manhajar ta fara buɗewa na zura zare a allura, na gama bakin labule guda tana nan tana tunani.

Auta ta ce ba za a canza madabod ba, wato babban allon da komai na cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa, tunda bakin wayar injin a jikinsa yake. Abin da ya rage shi ne a duba ko zai karɓi furosesa mafi ƙarfi, 'yar ƙwaƙwalwar nan mai faɗin kan sarki da ke kwance ƙarƙashin fanka. Ta kwance akwatin, ta hure ƙurar da ta girme ta, ta haska da fitilar waya. Lambar allon tana rubuce a tsakiya, wata ƙaramar lamba kuma ta ɓuya can kusurwa, wai allo iri ɗaya yakan fito zubi-zubi, kuma ba kowane zubi ke ɗaukar abin da ɗan'uwansa ya ɗauka ba. Ta shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi tana gungurawa da yatsa. Yaya yana bayanta yana sauya ƙafa, ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗauki almakashi, ya ajiye.

“Yana ɗauka, Baba,” in ji ta, ta karanta masa lambar furosesar. “Amma sai an fara...”

Bayan babur ɗinsa ta ƙarasa wa maganar. Ta kira shi a waya, ya ce to, to, to, ya kashe. Ita kuma ga allon wani mai kanti da za ta kai ta liƙa, sai ta ɗauki tsani ta tafi.

Kafin ta dawo ya iso da furosesa ta hannu daga kasuwar kayan kwamfuta. Ya cire fanka, ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke danne tsohuwar, ya zare ta, ya kwantar da sabuwar, ya shafa mata man nan mai ruwan toka. A gaskiya hannunsa yana da kyau, wannan ba a hana shi. Ya danna maɓalli. Fanka ta juya, fitila ta kama, fuskar kwamfuta baƙa ƙirin. Na leƙo na tambaye shi lafiya, ya ce baƙuwa ce, a bar ta ta saba da gida.

To, jira shi ne abin da Yaya bai iya ba. Idonsa ya faɗa kan tsohuwar furosesar a kan tebur, tana ƙyalli, bayanta kamar an yayyafa zinariya. Ya ce wannan ta yi masa bauta, bai kamata a yar da ita ba. Ya tsallaka wurin mai walda, aka huda mata kusurwa, ya zura zobe, ya rataya makullan shago. Har wurina ya shigo yana kaɗa su, wai in ga fasaha.

Da Auta ta dawo ta ga fuskar kwamfuta baƙa, ba ta damu ba. Ta yi masa bayanin da ya gudu ya bari. A cikin allon akwai wata ƙaramar manhaja, bayos, ita ke fara gaisawa da furosesa in an kunna. Wadda ke ciki tsohuwa ce, ba ta san sabuwar ba, shi ya sa ta ƙi buɗe mata ƙofa. Sai an mayar da tsohuwar furosesar an kunna, an sabunta bayos ɗin, sannan a sa sabuwar. Ta miƙa hannu.

“Ina tsohuwar, Baba?”

Yaya ya dube ni, kamar ni na riƙe masa injin hudar. A hankali ya zaro makullan daga aljihu.

Yarinyar nan ta juya abin a tafin hannunta, ta leƙa ta cikin hudar, ta mayar masa, ta tafi gida. Da yamma matar Yaya ta gaya mini Auta ta sauko da jakar tafiya daga kan kwaba, ta ƙara da cewa ita ba ta ga laifin yarinya ba, wa zai yi aiki da mutumin da ba ya jin ƙarshen magana.

Washegari muka nufi wurin wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Bari-Mu-Gani, ƙaton mutum wanda ko ƙifta ido sai ya yi shawara. Muka same shi ya duƙufa kan wani allo da ƙarfen narka dalma. Yaya ya tura masa makullan a ƙarƙashin hanci, ya ce irin wannan yake nema. Mutumin ya karanta lambar ta saman tabarau, ya nuna wani abu a gefen ƙofa da haɓa, ya ce ya zauna. Yaya ya ce akwai ko babu. Mutumin ya sake cewa ya zauna mana. Yaya ya ja hannuna muka fita, yana cewa wannan kafin ya ba da amsa Auta ta yi jikoki.

Daga nan gari ya shiga uku. Ba rumfar da bai shiga ba a kasuwar kayan kwamfuta. Ya je wurin masu sayen ƙarafa ya tona tsibi, ya je wani ofis da ya ji ana gwanjon tsofaffin kaya, ya je ɗakin ajiyar wata makaranta inda ɓera ya bi ta kan ƙafarsa. Kullum zai dawo da furosesa cike da aljihu, wata ta yi girma, wata mai ƙafafu ce alhali gurbin ba na mai ƙafafu ba ne, wata ta shiga daram amma ta mutu tun ba yau ba. Na bi shi yini ɗaya a bayan babur, har yanzu ƙuguna bai yafe mini ba. Shago a rufe, masu aiki suna zuwa suna tambayata kamar ni na haife shi. A gida kuma jakar Auta tana ƙara ciki, ranar tafiya tana matsowa.

Ana jibi za ta tafi na kama shi da hannu biyu na mayar da shi wurin Bari-Mu-Gani, don shi kaɗai ne bai ce babu ba. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Mutumin ya sake nuna gefen ƙofa, wannan karon gajiya ta yanke hukunci ba tare da Yaya ba, ya zube a kan abin. Bari-Mu-Gani ya gama abin da yake yi, ya goge hannu, ya ɗauko sukundireba.

“To, tashi,” in ji shi. “Tana cikin abin da ka zauna a kai. Da ka zauna ran nan, da tuni na ce ka tashi.”

Kujerar baƙinsa tsohuwar kwamfuta ce da aka ɗora wa matashi, ƙanwar ta Yaya uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ciro furosesar, ya naɗe a takarda, ya ce aro ne, kuma yana son abarsa ta dawo ba huda.

Yaya bai iya roƙo ba. Ya je gida ya ɗora ƙullin takardar a kan jakar Auta, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta buɗe, ta karanta lambar. Ta ce za ta zo da safe, amma da sharaɗi, shi ba zai taɓa komai ba.

Da safe ta cire sabuwar ta sa ta aron, kwamfuta ta tashi kamar ba a taɓa yi mata laifi ba. Muka aro batirin ajiye wuta na mai fenti, don Auta ta ce in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta bayos, allon ya tafi ke nan. Ta soka filashin da ta sauko da sabuwar bayos ɗin a ciki, ta danna. Wani siririn layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar. Yaya ya zagaya teburin, ya fita, ya shigo, ya tambaya ko haka yake tafiya ko ya maƙale. Layin ya kai wani wuri ya tsaya. Can sai fuskar ta yi baƙi, fanka ta yi shiru.

Maganin Yaya ga kowace cuta a duniya, daga rediyo har janareta, shi ne a kashe a kunna. Na ga hannunsa ya nufi maɓalli. Auta ta riga ni, ta kama wuyan hannun.

“Baba, in ka taɓa ta yanzu, ba mai tashe ta. Injinka ya zama tebur, ni kuma gobe ina mota.” Ta jawo bokitin fenti da ƙafa ta kife. “Zauna.”

Ya zauna. Ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Bokitin yana ƙara a ƙarƙashinsa, gumi yana bin bayan kunnensa. Mai fenti ya leƙo, ya koma ya kira mai walda, wai ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ba wanda ya yi dariya, har ni, kuma Allah ya sani na so. Fanka ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa. Kwamfutar ta yi ɗan tsuwwa, rubutu ya fito.

Sai da Auta ta kashe da kanta, ta zare ta aron, ta kwantar da sabuwar, sannan ta kunna. Ta tashi. Yaya daga kan bokiti ya ce a fara gwada injin. Wuƙar ta zagaya ta yanko harafi sumul, ba ko gargada. Sannan ta danna manhajarta, kafin in gyara tsayuwa ta buɗe.

Ba ta ce ta fasa tafiya ba, shi ma bai tambaya ba. Ta dubi shagon daga bango zuwa bango, ta ce ita ba za ta yi zane a tsaye ba, gobe za ta kawo kujera, kuma tata ce. Yaya ya laluba aljihu, ya zaro makullan da hudajjiyar furosesarsu, ya ajiye mata kusa da linzamin kwamfutar. Ya ce tunda ita ce mai zama, ita za ta riƙa buɗewa.

Daga nan ya miƙe, ya ce bari ya mayar wa Bari-Mu-Gani abarsa yanzu-yanzun nan, ya kuma tambayo ko allon zai ɗauki ƙarin wani abu. Ya tashi babur ya bar mana hayaƙi. Furosesar aron tana nan kan tebur inda ya manta ta, tana ƙyalli, ga shagon mai walda a buɗe tsallaken titi. Na naɗe ta a takardarta na sa a aljihuna, na ce wannan ni zan kai.