Reshen Sabara a Hanyar Dutse

Ni ne na kawo shawarar keken, kuma wannan shi ya fi ci mini rai har yau. Na haura hamsin a lokacin, tumbi ya fito, in na hau matakalar ofis sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina duba waya. Wata ranar kasuwa a Yelwa na ga wani mai kayan gwanjo ya jingina kekuna masu giya, masu kaurin taya, irin waɗanda aka yi don hanyar duwatsu. Na dafa sirdin ɗaya, sai ƙuruciya ta faɗo mini a rai. Ban koma gida ba sai da na biya wajen abokaina biyu.

Ɗayan yana gyaran injin jirgin ruwa a bakin gulbi, muna ce masa Injiniya. Ɗayan ma'aikacin asibiti ne, ba likita ba ne, amma duk unguwa Likita ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ni suna ce mini Hedimasta, don aikin da na yi ke nan kafin a mai da ni ofis. Ƙauye ɗaya muka tashi, kudu da Yelwa wajen ƙasar Ngaski, kuma a keke ɗaya muka koya, na Babana. Muka tsayar da Asabar, tunda Juma'a tamu ce ni da Injiniya, Lahadi kuma Likita yana coci.

Ranar farko ba mu yi wani nisa ba muka zube ƙarƙashin ɗorawa muna haki muna zagin juna. Kwana uku ina zama a karkace, matata tana dariya har da hawaye. Amma jiki ya tuna. Muka fara barin kwalta, mu bi burtali, mu sauka hanyoyin masunta inda ruwa ya janye, mu ratsa gonakin da aka girbe. Iska tana dukan fuska, tsakuwa tana tsalle ƙarƙashin taya, 'yan kabu-kabu suna yi mana oda suna cewa tsofaffi sun haukace. Wallahi na yi shekaru ban ji daɗin duniya irin na waɗannan safiyoyin ba.

Ni ne na baya kullum, ban musa ba. Su biyun aikinsu na tsaye ne, ni na kujera. Don kada su yi ta jirana a kowace mararraba, sai muka koma ga abin da iyayenmu suke yi in za su kasuwa a ƙafa: na gaba ya karyo ɗanyen reshe ya gitta a hanyar da bai bi ba, na baya in ya zo ya san an rufe ta, ya bi ɗayar. A ƙauyenmu ba a wasa da wannan. Ina yaro na taɓa sauya wa reshe wuri don tsokana, gwaggona ta yi ta tafiya da kaya a kai har wani gari daban. Inna ta zane ni ranar, tana dukan tana cewa mutum a kan amanarka yake tafiya.

Akwai wani dutse a kan hanyarmu, shi nake hari tun ranar da na sayi keken. Muna yara Babana yakan hau da mu can, ya nuna mana tsakiyar tafki da sandarsa, ya ce nan tsohon garinmu yake kafin ruwan dam ya cinye shi, nan kakanninku suke kwance. Rabona da kansa tun rasuwarsa. Na gaya musu ba sau ɗaya ba, ina so in hau shi da ƙafata a kan feda kafin ƙarfi ya ƙare.

Asabar ɗin da muka fara kaiwa gindinsa, na iso mararrabar ni kaɗai, na tarar da reshen sabara a gicciye a hanyar dutse. Na bi ta ƙasa, doguwa ce amma shimfiɗaɗɗiya, ta ratsa cikin giginyoyi ta ɓulle mashigar jiragen masunta. Can na same su zaune.

"Mi ya hana mu hau?" na tambaya.

"Kwazazzabo ya cinye hanyar," in ji Injiniya. "Ko akuya ba ta wucewa. Sai dai a jira a gani bayan damina."

Na yarda. Me zai sa in ƙi? Mutanen da muka ci tuwo a akushi ɗaya. Kowace Asabar reshen yana nan, sabo, ganyensa bai ko yi yaushi ba, ni kuma in karkata in bi ta ƙasa. In na iso mashigar sai Likita ya ce, "Yanzun nan munka sauka, Hedimasta, ka fara kamo mu." Ni kuma in koma gida ina hura hanci, ina gaya wa matata saura kaɗan in wuce su. Har a ofis na ba da labari. Wata biyar ina wannan wautar.

Ruwan farko ne ya tona su. Duk rani ƙasar wurin tauri gare ta, ga sawun shanu, taya ba ta barin alama. Ranar Juma'a aka yi ruwa mai yawa, Asabar muka fita ƙasa da laushi. Na iso mararrabar, reshen yana wurinsa, har na karkata kan keken sai idona ya sauka ƙasa. Sawun taya biyu, raɗau, sun wuce ta ƙarƙashin reshen sun haura dutse. Hanyar ƙasa kuwa ba sawun kowa a kanta.

Na daɗe tsaye. Na so in samo musu uzuri, na ce ko yau ne kawai suka je duba kwazazzabon. Na ɗage reshen na jefar, na sa giya mafi sauƙi na fara hawa. Ba zan yi ƙarya ba, rabin hanya na sauka na tura, zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwa. Na yi ta zuba ido in ga inda hanyar ta zaizaye. Lafiyarta ƙalau tun daga gindi har sama.

Suna zaune a kan wani falalen dutse, sun ba ni baya, ga kifi banda a takarda a tsakaninsu. Gefensu tulin ɓawon gyaɗa ne, wani sabo, wani ya yi baƙi don daɗewa. Daga inda suke ana ganin hanyar ƙasa gaba ɗayanta. Ashe duk Asabar nan suke zama su kalle ni ina wucewa, sannan su gangara ta ɗaya gefen su riga ni.

"Har yanzu ban gane shi ba," in ji Injiniya. "Kullum warhaka ya kai giginyoyin can."

"Shina tahe," in ji Likita. "Jar hular ga ba ta ɓacewa."

Sai Injiniya ya miƙe hannuwa kamar ya riƙe kan keke, ya turo ciki, yana rangaji hagu da dama yana haki. Ni yake kwaikwayo, kuma ya iya. Likita ya yi dariya har ya ƙware.

Na danna ƙararrawar keken sau ɗaya.

Ban taɓa ganin dattawa biyu sun yi tsuru haka ba. Likita ne ya fara samun baki. Ya ce, "Hedimasta, zamna ka huta tukuna. Ni na auna jininka da hannuna, na san abin da na gani. In ka faɗi kan dutsen ga, mi zan ce ma iyalinka?"

"Sai ka gaya mini. Ina da kunne."

"Da ka ji?"

"Da ban ji ba," na ce. "Amma da ni na yanke, ba ku ba. To na ji, tsoro kuke mini. Mi ya hana ku bi ta ƙasa tare da ni?"

Injiniya ya sunkuyar da kai yana tsince ƙayar kifi. Wannan ya fi dariyar zafi. Dutsen suke so, ni kuma na zame musu kaya, sai suka ajiye ni a hanya da reshe, da abin da suka san ba zan taɓa tsallakewa ba.

Na juya na kalli tafkin da na yi wata biyar ina mafarkin gani. Na nemi wurin da Babana yake nunawa, na kasa ganewa, idona ya cika. Ban ma so su ga haka ba. Na ja kekena na sauka a ƙafa, suna kira ban waiwaya ba.

A gida na ce wa matata, "Yau na ɗage reshen." Ba ta tambaye ni wane reshe ba. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce in wanke hannu abinci ya yi. Nan na gane su uku ne suka haɗa baki, har da ita.

Asabar ta zagayo. Bayan sallar asuba na fita bayan gida na karyo reshen sabara ɗanye, na gitta shi a bakin ƙofar zaure, na koma ciki na zauna a kan benci. Kekena yana jingine kusa da ni, na ma buga wa tayoyin iska, ban san dalili ba. Gari ya waye na ji ƙarar sarƙoƙinsu, na ji birki. Suka tsaya. Na ji Injiniya ya yi gyaran murya, Likita ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

Taku ɗaya ne tsakaninsu da ƙofar, kuma ban sa sakata ba. Ina zaune ina jira ɗayansu ya tsallake ya shigo ya zage ni, in rama, mu fita. Sai na ji tayoyi sun juya a kan tsakuwa. Tarbiyya ɗaya aka yi mana, sun ga reshe sun bi wata hanyar.