Dutsen Rabe Mai Hoto

Rabe mai hoto na Gummi mutum ne da ƙafafunsa suka fi idanunsa sanin sana'a. Tun zamanin fim yake ɗaukar mutane a gindin katangar gidansa. Sai ya rataya wani zani mai zanen ruwa da kwalekwale, ya koma ya hau wani dutse da ya binne a ƙasa. Daga kan dutsen nan, duk wanda ya shiga faɗin zanin ya shiga hoto. Gilashin kyamarar ma ya ɗaure shi da zare daidai inda fuska ke fita sarai.

Shi ya sa da idanunsa suka fara hazo bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Barakatu. Yakan kara kyamara a fuska, ya runtse ido ɗaya kamar mai gani. Ya san ranar da gari ya ji mai hoto ba ya gani, ranar sana'a ta ƙare.

Da fim ya yi wuya, ya tafi Gusau ya sayo kyamara irin wadda ba ta cin fim, mai ɗan allo a baya. Ya kwance tsohon gilashinsa ya ɗaura mata, ya zauna daram. Namiji in abu ya zauna daram, ba ya ƙara tambaya.

Aikin farko na Hammadu ne, manomi daga Bukkuyum, ya kwaso iyalinsa bayan suna. Tsohuwarsa Iya ta zauna a gefe kan kujera, don ƙafarta ba ta jure tsayuwa. Rabe ya hau dutse ya danna.

Hammadu ya dawo da hoton a hannu.

"Malam Rabe, ina Iya?"

"Ga ta nan gefe."

"Wagga gwiwarta ce da carbi. Sauran fa, ka aje don gobe?"

Rabe ya koma Gusau wurin mai wanke hotuna, yana cewa an sayar masa da lalatacciya. Mutumin ya ce lafiyarta lau. Abin da ke tarar haske a cikinta bai kai fim faɗi ba, don haka tsakiya kaɗai yake kamawa, gefe ya zube. Ya ce, "Ai da ka duba allon, da ka gani."

Rabe ya ɗauki kyamararsa ya koma Gummi. A gida ya maimaita wa Barakatu bayanin, tana sheƙar gero.

"Ƙaramin faifai ke nan aka tara wa babbar ƙwarya," in ji ta. "Sai ka ja baya. To wa zai ce maka ya isa?"

Ta ajiye ƙwaryar geron ta ci gaba.

"Malam, tun bara nake matso maka kwanon miya kusa da hannu. Kana zaton tafiya yake yi?"

Da Hammadu ya sake kawo Iya, Barakatu ta yafa mayafi ta fito ta tsaya a bayan mijinta, idonta a kan allon. A gaban mutane take cewa ya ƙara baya, yana ƙarawa, sai da dugadugansa suka taɓa bakin kwata.

"Tsaya nan. Iya ta shigo, har sandarta."

Kowa ya gane abin da ke nan. Hammadu ya dubi Rabe, ya dubi matar, sannan ya ce wa yaransa su daina motsi. Rabe ya danna.