Numfashi a Ɗakin Barkono

Buhu tamanin na busasshen barkono nake da shi a mangaza, ɗakin ajiyata, a shekarar nan, da 'ya'ya huɗu, da ƙirji ɗaya da ya fara ƙin buɗewa.

Duk mai wannan sana'a ya san ba a jan iska sosai a ɗakin barkono. Kaɗan-kaɗan ake shaƙa, baki a rufe, kafaɗu a ɗage, don kada tari ya sarƙe mutum. Shekara goma sha tara ina haka tun da na fara saro shi daga Dawce da Tsauni, har ya zama ko a gida haka nake numfashi, ban sani ba.

Wata ranar kasuwa a Matameye na sunkuya in ɗaure bakin buhu, sai wani abu ya riƙe ni daga haƙarƙari zuwa gadon baya kamar an ɗaure ni da igiya. Na kasa miƙewa. Haka mahaifiyata ta fara, dafe da ƙirji, kuma ba ta ga wata damina ba. Ban faɗa wa kowa ba. Sati biyu ina salla a zaune, ina ce wa yara gwiwa ce.

A Damagaram likita ya duba zuciya, ya ɗauki hoton huhu, sannan ya zagaye ƙirjina da awon tela.

"Hajiya, ja numfashi."

"Na ja."

"Wannan ai ɗanɗanawa kika yi. Ja dai!"

Awon bai motsa faɗin yatsa ɗaya ba.

Ya ce zuciya lafiya lau. Ya tambaye ni ko na san farin tantanin da mahauci ke ɓarewa a jikin nama. Irinsa ne ya lulluɓe naman mutum, ya haɗa shi da ƙashi, kuma numfashi mai zurfi ne ke miƙa shi kullum. Nawa ya ƙage kamar fatar da aka bari a rana.

"Zai saki?"

"In kin bar ɗakin barkonon nan. In ba ki bari ba, huhun ne zai biyo baya."

Na bar wa ƙanena mangazar. Rabin masu saye sun watse, don bai iya ciniki ba. Kowace safiya ina kwanciya a tabarma, hannu a kan cikina, ina koyon numfashin da jinjiri ya iya. Da na koma bayan wata shida, awon ya buɗe yatsa biyu. Likita ya so uku. Har yau ban samu na ukun ba.