Sirrin Halimatou da Littafin Launi

A unguwar Banifandou, in ka tambayi inda ake zanin gado mai aikin hannu, gidan Harouna mai taksi za a nuna maka, saboda matarsa Halimatou. Ƴar Tasawa ce, wurin kakarta ta koyi riƙe allura, kuma da aure ya kawo ta Yamai ba ta zo da wata dukiya ba sai gwangwanin zare da idon da ya san wane launi ke zama kusa da wane. Uwayen amare sukan kawo mata farin yadi daga kasuwar Wadata, su dawo su tarar furanni da tsuntsaye sun cika shi. Ba ta da yawan magana. Ƴaƴanta biyu, Huzaifa da ƙanwarsa Sakina, kuma duk unguwa Maman Huzaifa ake kiranta.

Huzaifa ya rasu yana saurayi. Mota ce ta buge shi a kan babur yana dawowa daga aiki. Halimatou ba ta yi kuka a gaban mutane ba, har ana yaba haƙurinta. Da zaman makoki ya watse, Sakina ta koma makarantar kwana a Maraɗi, sai barci ya ƙaurace wa uwar, abinci ya daina wuce mata maƙogwaro. Wata safiya Harouna ya dawo daga masallaci bai same ta ba. Sai da rana ta take wani direba abokinsa ya kira shi. Ya ce ga Halimatou can a kasuwar Petit Marché ba takalmi, tana bin mahauta ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu ko ɗanta ya biyo ta nan, wai ta aike shi sayen nama bai dawo ba.

Harouna ya je ya sa ta a mota, ya kira maƙwabciyarsu Priska. Priska ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, ƴar Dogon Dutsi, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ita ta samo wa Halimatou gado a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na asibitin da take aiki. Mutanen unguwa aka ce musu ta tafi Tasawa hutawa. Sakina kuwa aka ce mata zazzaɓi ne ya kwantar da uwar. Daga Harouna sai Priska suka san gaskiya.

Halimatou ta dawo gida cikin hankalinta, amma hannunta ya ƙi allura. Da zare ya ɗan karkace sai gabanta ya faɗi, ta warware, ta sake, ta warware. Ana haka wata yamma Priska ta shigo da wani littafi da kwalin fensir masu launi. Zane ne baƙi a farar takarda, gida-gida ƙanana, ba a shafa musu komai ba.

"Wannan ai na yaran lakwal ne, ƴan makaranta," in ji Halimatou.

"Na manya ne, Maman Huzaifa. Dubi ƙanƙantar gidajen, wane yaro zai iya? Ba wanda zai saya, ba wanda ke jiransa. In kin ɓata, kin ɓata."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta shige ta. Tun tana yarinya duk abin da hannunta ya yi na wani ne, kuma akwai ranar karɓa. Ta ɗauki fensir ruwan toka ta fara cika wani ganye, ta wuce layi, ta jira gabanta ya faɗi, bai faɗi ba. Kafin magariba ta cika rabin shafi, kuma a wannan karon ta ci tuwonta.

Da littafin ya ƙare ba ta nemi wani ba, don furannin cikinsa ba na ƙasar nan ba ne. Ta sayi farar takarda da baƙin biro ta shiga zana nata: dagi, zanen ƙwaryar kakarta, lallen amare, adon bangon tsofaffin gidajen Damagaram. Ta zana, ta cika da launi, ta ajiye. A hankali allura ma ta dawo hannunta.

Wadda ta fara ganin zanen ita ce Nafissa, tela a Wadata, wadda ke yanka wa Halimatou yadi tana kalmashe mata baki tun shekaru. Halimatou ta girme ta nesa, Yaya Nafissa take kiranta. Nafissa mace ce mai faran-faran da surutu, in ta shigo gida sai ka ji kamar mutum uku suka shigo. Ta kwashi takardun da ba a cika ba ta kai aka yi musu fotokofi, ta dawo da su tare da mata biyu: Kande mai saƙa faifai, da Safiatou mai jera duwatsun wuya. Haka zaman Alhamis ya samo asali. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Halimatou, a zube fensir a faranti, mata masu aikin hannu su zauna suna shafa launi don kansu. Kande duk abin da ta samu kore take sa masa, ko tsuntsu ne, ana yi mata dariya tana cewa ita a Maraɗi ta taso, ta gaji da jan ƙasa. Priska takan leƙo in ba ta da aiki. Mazan unguwa suka yi ta zolaya wai tsofaffi sun koma aji ɗaya, matan ba su kula ba.

Wata Alhamis a damina ruwa ya hana kowa zuwa sai Nafissa. Ta zo ba fara'a. Ɓari ta yi, kuma ba shi ne na farko ba. Ta riƙe fensir ba ta shafa komai, hawaye na ɗiga a takarda, tana cewa tana jin kamar kanta zai juya. Sai Halimatou ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa da bakinta ba: Petit Marché, ƙafa ba takalmi, mahauta, gadon asibiti.

"Na faɗa miki ne don ki san ana dawowa," in ji ta. "Amma ko Sakina ba ta sani ba."

Nafissa ta kama hannunta. "Yaya, daga kunnena ba inda za ta je. Allah ne shaida."

Shekara ta zagayo. Nafissa ta kawo shawarar a haɗa zanen a buga littafi na gaske, Halimatou ta yarda. Nafissa ta yi ta zirga-zirga wurin masu buga takardu, kuma ba ta ci amanar zanen ba, sunan Halimatou ne a bango. Da aka yi wani baje kolin masu aikin hannu, Nafissa ta tafi da littattafan ita kaɗai, don Halimatou ba ta son taro.

Ba a daɗe ba gaisuwar unguwa ta canja. Mai kanti ya ce mata, "Ya jiki?" alhali lafiyarta lau. Wata hajiya ta zo ta karɓe yadin ƴarta ba a gama ba, tana ta addu'ar Allah ya ƙara sauƙi, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Sannan wata yarinya a bakin famfo ta tambaye ta ko da gaske ne an taɓa ɗaure ta a asibiti.

Hankalin Halimatou bai je kan Nafissa ba ko kaɗan. Gidan Priska ta shiga, ta same ta tana wanki.

"Abin da za ki yi mini ke nan? Ke kika kwantar da ni, ke kika san ɗakin."

Priska ta tsame hannu daga ruwan sabulu. "Maman Huzaifa, akwai mutanen unguwar nan da na san ciwonsu, matansu ba su sani ba. Kin taɓa jin na kowa a bakina?"

Halimatou ta juya ta fita.

Washegari Sakina, wadda yanzu ke jami'a a Yamai, ta dawo gida da rana tsaka. Ba ta ajiye jaka ba ta miƙa wa uwar waya. Bidiyo ne, ƙawayenta suka turo mata. Ga Nafissa a rumfar baje koli, ta sha ɗaurin kallabi, wata mai ɗaukar hoto na yi mata tambayoyi. Ta ɗaga littafin, ta ɗaga hoton Halimatou a kan tabarma da fensir a hannu. Ta faɗi sunanta, ta faɗi unguwarsu. Ta ce wannan baiwar Allah hankalinta ya taɓa gushewa bayan rasuwar ɗanta, har ta yi yawo ba takalmi a kasuwa tana neman gawa a wurin mahauta, amma launi ya warkar da ita. Muryar Nafissa na rawa, har ta share ido da bakin mayafi.

"Mama, gaskiya ne?"

Halimatou ta ce gaskiya ne.

"Kuka ce mini zazzaɓi. Duk Yamai sun sani, ni a waya zan ji, a cikin aji?"

 Halimatou ta daɗe tana shirin faɗa wa ƴarta wata rana, da bakinta, su biyu a ɗaki. Wannan ranar ce aka ɗauke mata.

Harouna ya ce zai je ya sami mijin Nafissa, ta hana shi. Da kanta ta tafi Wadata, ta ratsa ta tsakanin amalanke da babura har layin teloli. Nafissa na kan keken ɗinki, da ta gan ta ta miƙe da murna.

"Yaya, kin ga yadda abin ya bazu? Har daga Dosso ana kirana ana neman littafin."

"Me na ce miki ranar ruwan nan?"

Murmushin ya tsaya. Nafissa ta rage murya. "Ai ba don sharri na yi ba. Matar ta tambaye ni mene amfanin littafin, mutane na wucewa ba sa tsayawa, sai maganar ta fito. Kuma Yaya, mata nawa ke cikin irin wannan hali suna ɓoyewa? Labarinki zai taimake su."

"Ke ma kina da labari. Me ya sa ba ki ba su naki ba?"

Nafissa ta sunkuyar da kai. Kekunan maƙwabta duk sun yi shiru.

"Kin zaɓi nawa don ba ke za ki fita da shi bakin famfo ba," in ji Halimatou. "Kuma ban ce miki gawa nake nema ba. Ɗana nake nema. Ko wannan ba ki riƙe daidai ba."

Ta tattara yadinta da ke shagon, wanda aka kalmashe da wanda ba a taɓa ba, ta ɗaure a ɗankwali ta fita. Nafissa ta biyo ta har bakin layi tana kiran Yaya, ba ta waiwaya ba.

Daga kasuwa gidan Priska ta wuce, ta durƙusa ta roƙi gafara. Priska ta ɗaga ta, ta ce ya wuce. Ya wuce ɗin, amma an ɗauki lokaci kafin Priska ta sake leƙowa ta katanga kamar da, kuma wannan ma Halimatou a wuyan Nafissa ta ɗora shi.

An sauke bidiyon daga baya, bayan ya riga ya shiga wayoyin da ba a san adadinsu ba. Zaman Alhamis ya mutu. Safiatou ta ce ita ba ta ga abin zafi ba tunda yabo aka yi, ta koma zama a shagon Nafissa. Kande ce kawai ta ci gaba da zuwa, ta zauna ta shafa korenta ba ta tambayar komai. Wasu uwayen amare sun ɗauke ƙafa, wasu sun dawo, don ba a samun irin aikinta a ko'ina. Sakina ta yi makonni tana gaida uwar daga bakin ƙofa, sai wata rana ta shigo ta zauna a gefen gado ta ce a ba ta labarin tun daga farko. Halimatou ta ba ta, suka yi kukan da ba su yi tare ba a lokacin makoki.

Akwai kuma baƙi. Wata mata daga ƙetaren kogi ta yi ta tambaya har ta gano gidan, ta zauna a tabarma ta ce mijinta ya rasu kuma ba ta barci. Halimatou ta ba ta takarda da fensir, ta zauna kusa da ita har la'asar sakaliya. Bayan ta tafi Kande ta ce, to ga shi dai abin ya yi wa wata amfani. Halimatou ta ce ya yi, kuma da an tambaye ta wataƙila wata rana ta yarda, amma ba a tambaye ta ba.

Nafissa ta aiko mutane ban haƙuri, ta aiko da turare, ta zo da kanta. Halimatou ta ce ta yafe don Allah, ta amsa gaisuwarta, ba ta shimfiɗa mata tabarma ba. Littafin kuwa ta ce kada a sake bugawa da sunanta.

Har yau tana aikinta a Banifandou, ta ɗan manyanta, ta fara sa tabarau. Tana zana takardunta, tana cika su, wanda ya nema ta ba shi. Yadinta yanzu wani dattijon tela ne, Moussa, ke kalmashe mata a can ƙarshen Wadata. Hanyar shagonsa mafi kusa ta layin Nafissa ta bi, amma Halimatou takan zagaya ta wajen masu sayar da bokitai, ta sha rana, ta isa a makare.